Yadda ake gwada objektif bare mai babban ido kafin a biya kuɗi

Kusan kowane sati sai wani cikin ƙannenmu masu ɗaukar hoto a nan Garwa ya turo min hoto a WhatsApp, "Yaya ga wani objektif mai 1.4 an kawo okaziyon daga Duwala, in saya?" Okaziyon dai kayan da aka taɓa amfani da su ne. Ni kuma amsata bata canzawa, kawo shi mu ɗora a kan kyamararka tukuna. Don lambar da aka rubuta a kwali ba ita zata ɗaukar maka hoton amarya ba. Na sayi irin waɗannan da yawa, na sayar, na ci riba a wasu na ƙone a wasu, shi yasa nace bari in rubuta yadda nake gwadawa ko zan huta da maimaitawa.

Objektif dai shi ne abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke cewa lens. Ɗan gida shi ne wanda kamfanin kyamarar ya yi da kansa, Sony a kan Sony, Canon a kan Canon. Bare kuma shi ne na wani kamfani daban kamar Sigma da Tamron na Japan, Samyang na Koriya, ko Viltrox da TTArtisan da 7Artisans na Sin. Magana kuma a kan kyamara mara madubi muke, wadda muke cewa ibrid, irin su a6000, a6400, ZV-E10, M50, X-T30 da sauransu.

Babban ido kuma ga abin da nake nufi a taƙaice. Lambar f tana ƙanƙancewa ido yana ƙara buɗewa. Tsanin shi ne 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, duk hawa ɗaya hasken ya ragu rabi. Wannan zum 16-50 ɗin da ke zuwa tare da kyamarar Sony, wanda muke cewa kit, in ka ja shi zuwa 50 idonsa 5.6 ne, kaga kenan 1.4 ya fi shi shan haske sau 16. Inda da sai ka kai ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 6400 hoto ya cika da yashi, yanzu 400 ya isheka. Wannan ne dalilin sayensa, shi da narkar da bayan mutum.

KAYAN DA ZAKA TAFI DA SU

- Kyamararka ta aiki, ba ta mai sayarwa ba. Batir cike, da kati mara komai a ciki.
- Tocila, ta waya ma ta isa.
- Ƙafar kyamara. In babu, tebur da ɗan buhun shinkafa ko matashi ka ɗora a kai.
- Jarida ko tsohuwar kalanda mai ƙananan rubutu, da salatif.
- Farar shadda mai sheƙi, da sarƙa ko agogo mai ƙyalli.
- Mutum ɗaya mai haƙuri da zai yi ta zirga-zirga a gabanka.
- Ɗan famfon hura ƙura da tsumma mai laushi.
- Kwamfuta. In babu ka tura hotunan a waya da cikakken girmansu, amma ba ta WhatsApp ba don yana matse hoto. Ƙaramin allon bayan kyamara maƙaryaci ne, komai kyau yake a cikinsa.

Ka ware awa ɗaya, kuma ka nemi lokacin la'asar sakaliya yadda zaka samu rana da duhu duka.

1. Fara da tambayar aikinka

Kafin ka taɓa objektif ɗin ma, buɗe hotunan bukukuwa uku da ka ɗauka na baya ka duba bayanan da kyamara ke ajiyewa a jikin kowane hoto, ka ga a wane tsawo ka fi tsayawa, wato lambar milimita irin 16, 30 ko 56. Yawancin masu babban ido ba sa zuƙowa, tsawo ɗaya ne, ƙafarka ce zum. Sensa ita ce farantin cikin kyamara da ke kama hoto, akwai babba akwai ƙarama. Don sanin daidai tsawon a babbar sensa, a ƙaramar sensa ta Sony da Fuji da Nikon ana ninka lambar da 1,5, a Canon da 1,6, a Lumix G da Olympus kuma da 2. Wato 56 a kan a6400 kamar 85 yake, 30 kamar 45, 16 kamar 24.

Kuskuren da kowa ke yi shi ne ɗaukar 56 don ya ga hotuna masu narkakken baya a Instagram. Sai ranar kamu ya shiga ɗakin amarya, ɗaki cike da gado da kwanuka da ƙawaye, ya ja baya har ya jingina da bango amma fuska ɗaya ce ke shiga. 56 na waje ne, na hoton mutum ɗaya ko ango da amarya. In ɗaya kawai kuɗinka zai saya, ni 30 ko 33 nake cewa. 16 na bidiyo ne da ƙuntataccen ɗaki, amma kada ka kusanci fuska da shi, hanci zai kumbura, uwar amarya kuwa ba zata yafe maka ba.

In baka da tabbas, ɗaure zum ɗinka da salatif a kan 30 ka yi sati kana aiki haka. In ka ji kamar an ɗaure maka hannu, toh ƙila zum mai 2.8 ne naka, irin Sigma 18-50 ko Tamron 17-70.

2. Karanta baki da rubutun jiki

Kowace kyamara da irin bakinta, wato inda ake ɗaura objektif: Sony E, Fuji X, Nikon Z, Canon RF, Canon EF-M, sai Micro 4/3. Suna ɗaya ne amma baki daban, Sigma 56mm f/1.4 ɗin nan ana yin sa da baki kala-kala, na Fuji ba zai hau Sony ba ko da addu'a. Masu Canon ku kula sosai, M50 bakinta EF-M ne, R50 da R10 kuma RF, kuma objektif ɗin EF-M ba ya hawa RF ko da adafta. Canon sun daɗe basu buɗe ƙofar RF ga bare masu otofokus, wato masu kama fokus da kansu, ba, sai 2024 Sigma da Tamron suka fara fitar da nasu na ƙaramar sensa, don haka zaɓi a can bai kai na Sony ba.

Sai haruffa. A Sigma, DN na mara madubi ne, DC ƙaramar sensa, DG babba. Akwai 30mm f/1.4 DC HSM na tsofaffin kyamarori masu madubi, akwai kuma 30mm f/1.4 DC DN, ba abu ɗaya bane ko kaɗan. A Tamron, Di III na mara madubi ne, in an ƙara A a baya na ƙaramar sensa ne. In ka ɗora na ƙaramar sensa a kan a7 III zai yi aiki amma kyamarar zata yanke hoton, megafiksel 24 ya koma wajen 10.

Juya bayansa ka duba ko akwai 'yan ɗigo-ɗigon tagulla. In babu, toh na hannu ne, babu otofokus, kai zaka riƙa murzawa. Da yawa cikin masu arhar nan na TTArtisan da 7Artisans masu 1.4, 1.2 har 0.95 haka suke, kuma sai ka shiga menu ka ba kyamara izinin ɗauka ba tare da ta ga objektif ba. Ba laifi bane, ina da ɗaya ina jin daɗinsa a studiyo, amma wallahi kada ka kai shi wajen biki kana sabon hannu.

3. Haska cikinsa

Cire murfin gaba da na baya, ka haska tocila ta baya ka leƙa ta gaba a ɗan karkace, kada ka haske idonka kai tsaye. Ƙura 'yar kaɗan ba komai, a ƙasar nan babu gilashin da bai sha ƙura ba kuma bata fitowa a hoto. Abin gudu biyu ne: fumfuna mai kama da saƙar gizo-gizo ko jijiyar ganye, da hazo fari da ya lulluɓe gilashin ciki. Mu nan arewa bushewa ta taimake mu, amma kayan da suka kwana a Duwala cikin wancan danshin sai an bincika da kyau. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba illa.

Duba kusoshin baki, in kansu ya cinye an taɓa buɗe shi. Murza zoben fokus ka ji ko yana ƙaras-ƙaras kamar da yashi a ciki. Duba bakin gaba inda ake ɗaura filta, in ya lotse ya taɓa faɗuwa. Wasu kuma in ka girgiza su a kashe zaka ji abu na motsi a ciki, kada ka firgita, ɗora a kyamara ka kunna, in motsin ya tsaya lafiya lau ne.

4. Gwajin bango

Manna jarida a bango mai santsi, ka ɗora kyamara a ƙafarta tana kallon bangon sak, ba karkata. Sa a A ko Av, wato yanayin da kai ke zaɓar lambar f, ISO 100, ka kunna ƙidayar daƙiƙa 2 don kada hannunka ya girgiza ta. Ɗauka a 1.4, sai 2, sai 2.8, 4, 5.6. Buɗe a kwamfuta ka zuƙo ɗari bisa ɗari.

Tsakiya ya kamata ya karantu garau tun a 1.4. Gefe ya ɗan yi laushi da ɗan duhu a 1.4 ba abin damuwa bane, kusan dukkansu haka suke, ɗan gida ma haka. Abin da kake nema shi ne kusurwa huɗun su yi kama da juna. In hagu tas dama dishi-dishi, maimaita don ƙila kai ne ka karkace, in ya sake fitowa haka a gefe guda toh gilashin ciki ya goce, ajiye shi ka yi sallama.

Wannan ne ya taɓa cina. Na saya a hannun wani da ya zo wucewa, na ɗauki hoton fuska biyu a bakin hanya na ga kyau na biya. Sai a wani ɗaurin aure a Marwa na jera dangin ango, na dawo gida na ga duk waɗanda ke gefen hagu kamar an shafa musu man shanu a fuska, kuma cikinsu har da baffan ango wanda shi ya biya kuɗin aikin. Mai kayan kuwa lambarsa bata ƙara shiga ba.

In babu jarida, nemo abu mai nisa kamar hasumiyar masallaci ko eriyar waya, kama fokus a kai sau ɗaya ka mayar na hannu, sannan ka sa shi a kowace kusurwa ka ɗauka.

Tambaya ta ƙarshe a wannan matakin: a wace lamba hoton ya fara gamsar da kai? In sai ka rufe zuwa 2.8 yake kyau, toh 2.8 ka saya da kuɗin 1.4.

5. Otofokus, nan ne ake rabuwa

A nan nafi ɓata lokaci don nan ne bare ke nuna halinsa. A 56mm f/1.4 in mutum na tsaye mita 2 daga gare ka, abin da ke fitowa garau bai wuce kamar santimita 7 ba, faɗin yatsu huɗu. Ya ɗan kuskure kaɗan sai ka ga ɗan kunne ya fito tas ido kuma ya tafi. Saboda haka objektif mai kaifi wanda baya kama ido bashi da amfani a wajenmu.

Kunna kama-ido da fokus mai bin motsi. Sa mutuminka ya taho daga nesa da tafiyarsa ta yau da kullum kana ɗauka a 1.4, hoto 20. Ƙirga nawa ne idon ya fito. Sake yi yana sauri. Sannan ku shiga ɗaki a kashe fitila a bar ƙofa a ɗan buɗe, irin hasken da ke saura in an ɗauke wuta ana tsakiyar lalle kafin a tada gurup, wato janareta, ka sake 20. Ni a waje in ya kama ƙasa da 16 bana saye, a duhu kuma in ya ba ni rabi ba tare da dogon lalube ba na yarda. Wannan ma'aunina ne, kai ma zaka samo naka. Yi gwajin da objektif ɗin da kake da shi ma, don ka san laifin sabon ne ko kyamarar ce iyakarta kenan, a6000 ba zata kama ido kamar a6400 ba ko me ka ɗora mata.

Gwada da mutum mai duhun fata sanye da farin kaya, da mace mai mayafi da ya rufe rabin fuska, don su ne kliyan ɗinmu na gaske, masu ba mu aiki. Ka kuma kashe kyamara ka kunna sau biyar, ka bar ta ta yi barci ka tashe ta, ka ga ko tana gane objektif ɗin nan take. In ka ga F-- a allo ko ta daskare, goge tagullar baya da tsumma ka sake. In ya ci gaba wani lokaci sabunta manhajar cikin objektif ɗin ke gyarawa, Viltrox da yawa suna da ramin USB a jikinsu don wannan. Amma a sabunta a gabanka kafin ka biya, ba "in ka je gida ka yi" ba.

Masu ɗaukar ƙwallo a filin wasa na Rumde Ajiya ko hawan dawakin Lamiɗo da Sallah, ku sani manyan Sony masu gudu irin a1 suna tsayar da bare a hoto 15 cikin daƙiƙa. Ga mai a6400 wannan bai shafe shi ba.

6. Rana da farin kaya

Shimfiɗa shaddar a rana ka ɗora sarƙar a kai ka ɗauka a 1.4, sai ka ɗaga kai ka ɗauki ganyen dalbejiya sama na bayansa. Zuƙo ka duba bakin ƙyallin, zaka ga layi shuɗi-ja ko kore. Kaɗan ana gogewa a kwamfuta, in ya yi kauri har ana gani ba tare da zuƙowa ba zai wahalar da kai, mu da aikinmu duk farar shadda ne da gwal. Sannan sa mutum ya ba rana baya ka ɗauka, ka ga ko hoton ya wanke ya yi fari fat. Tambayi hular objektif ɗin, in babu a rage kuɗi.

Ga abin da masu sayarwa basa faɗa. Ranar Garwa da tsakar rana a 1.4 da ISO 100 tana neman saurin ƙifta wajen 1/12000, a6000 da a6400 kuwa iyakarsu 1/4000. Hoto zai ƙone. Dole sai filta mai rage haske, ND8 tana rage hawa uku, ta isa hoto. Duba girman bakin kafin ka saya, Sigma 16 yana cin 67mm, 30 yana cin 52, 56 kuma 55. In babu filta, kai mutum inuwa ko ka rufe zuwa 2.8.

7. In kana bidiyo

Yi shiru ka ɗauki minti ɗaya kana mayar da fokus daga kusa zuwa nesa, ka saurara da abin kunne ko motar ciki na ƙara. Duba ko hoton yana kumbura yana motsewa in fokus ya canza. Wutarmu 50Hz ce, ka tsaya a hoto 25 cikin daƙiƙa da saurin ƙifta 1/50, ko 50 da 1/100, don kada fitilu su yi ta rawa, kuma da wannan saurin a rana filta mai rage haske ta murzawa wajibi ce.

Sai girgiza. Sigma 16 da 30 da 56 basu da abin hana girgiza a ciki, a6000 da a6400 ma basu da shi a jiki, sai a6500, a6600 da a6700. Kit ɗinka kuwa yana da shi. Kenan ka ƙaru da haske ka rasa natsuwar hannu, yi tafiya da shi kana ɗauka ka gani ko zaka iya zama da hakan.

8. Lissafi

Yanzu ka ajiye shi kusa da ɗan gida mai 1.8. Tsakanin 1.4 da 1.8 ko hawa ɗaya bai cika ba, kashi biyu cikin uku ne. Sony na da 35 da 50 masu 1.8 OSS na ƙaramar sensa masu hana girgiza, Canon na da RF 50mm f/1.8 mai sauƙin kuɗi, mai M50 kuma zai iya ɗora EF 50mm f/1.8 STM da adafta. In kuɗin sun yi kusa kuma bidiyo ne yawancin aikinka a jiki mara hana girgiza, ni ɗan gida zan ɗauka. In hoto ne kuma cikin duhu, Sigma ɗin nan sun cancanci kuɗinsu, ban taɓa jin kunyar fitar da su gaban kowa ba.

Don sanin ko an tsuga maka, duba farashin sabo a shagunan Faransa a intanet ka ninka da 656, tunda sefa a ɗaure take da yuro, sannan ka ƙara kuɗin kawowa da duwan, wato kwastam. Okaziyon mara kwali mara garanti da ya kusa wannan kuɗin ba ciniki bane. Saka kuɗin filta a lissafi. Ka kuma tuna ranar sayarwa, Sigma da Tamron suna samun mai saye da wuri, sunan da mutane basu sani ba kuwa sai ka karyar. Gyara kuma babu mai yi maka a kusa, in motar fokus ta mutu sai dai a aika kudu, shi ma sai an dace.

9. In daga nesa za a aiko

Da yawa ba zasu samu riƙe shi a hannu ba, daga Yawunde ko Duwala za a sako a ajans, wato kamfanin motocin fasinja, na Injamena kuma wani lokaci ta Kusri yake bi. Toh ka sa mai kayan ya yi maka bidiyo guda ba yankewa: lambar jikin objektif ɗin, hasken tocila ta ciki, sannan a kan kyamara yana kama fokus kusa da nesa. Ya aiko hotunan bango a 1.4 a matsayin fayil. In kana da ɗan'uwa a garin ya je ya gani da idonsa ya fi. Kada ka tura kuɗi duka ta waya, ku yi yarjejeniya a rubuce a saƙo cewa kana da kwana biyu na gwaji, in ya ƙi wannan sharaɗin ka bar masa kayansa.

Ya iso kuma ka yi matakan nan daga 2 zuwa 7 a ranar, ba sai an kira ka biki ba. Da yake yanzu zaka riƙa canza objektif akai-akai, kuma ibrid sensarta a buɗe take da zarar ka cire, lokacin hunturu kada ka canza a fili. Shiga ɗaki ko mota, kashe kyamara, kifa bakinta ƙasa, sabon yana hannunka a shirye kafin ka cire tsohon. In ɗigo ya fara fitowa a sararin sama cikin hotunanka, ɗauki farin bango a f/16 zaka ga inda yake, ka hura da famfo, banda baki banda gefen riga.